Kwamfuta ta kama, monita ta ƙi nuna komai: yadda za ka gano inda cutar take kafin ka sayi sabon kati

Cikin hunturun da ya wuce, wata ranar Talata da hantsi, wani mai ɗaukar hoto daga Argungu ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagona nan Birnin Kebbi, rungume da akwatin kwamfuta an naɗe shi da zane. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, katin hoto ne ya ƙone, an ce sai sabo. Ga hotunan bikin mutane a ciki, Juma'a za su zo karɓa." Na ce, "Yallaɓai, kafin mu kunce noti ko ɗaya, nuna mini da yatsa ramin da kebul ɗin monita yake jiya." Ya juya bayan akwatin ya nuna wani rami can sama, kusa da inda ake soka kibod. Na ce, "Wa ya taɓa wayoyin kwanan nan?" Ya ce yaron shagonsa ne ya zare komai ya share ƙura ya mayar. Na ɗauki kebul na soka a ramin ƙasa, na jikin katin kansa, wato ɗan allon da ke cikin akwati mai tura hoto zuwa monita, na kunna. Hoto ya fito tas. Mutumin ya yi shiru, sannan ya ce, "Wanga abu shi kaɗai?" Shi kaɗai.

Na fara da wannan ne domin abin yana ci mini rai. Da allo ya yi baƙi sai a ce kati ya ƙone, alhali katin shi ne ya fi komai tsada a cikin abubuwan da ake zargi, kuma a abin da na gani a kan teburina, ba shi ne ya fi yawan laifi ba. An bar jaki ana dukan taiki. Kafin hoto ya iso idonka sai ya bi ta hannu da yawa: wuta, fawa-fak (mai raba wuta a cikin akwati), RAM (ma'ajiyar aikin da kwamfuta ke yi a lokacin), katin hoto, direbansa (manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin), kebul, sannan monita. Ɗaya ya gaza, abin da za ka gani iri ɗaya ne, wato duhu. Aikinka shi ne ka wanke su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mai araha da sauƙin taɓawa.

Doka ɗaya nake roƙon ka riƙe: kada ka sauya abu biyu lokaci guda. In ka sauya kebul kuma ka sauya monita, hoto ya zo, ba ka san wanne ne mai laifi ba, gobe kuma za ka koma gidan jiya. Ka tanadi kebul na biyu wanda ka tabbata yana aiki, da monita ko talabijin da za ka ara wurin maƙwabci, da sukundireba, da kilinar goge fensir, da burushin fenti busasshe. Tocilar wayar hannunka ma za ta yi amfani.

Fara da monita ita kaɗai

Zare kebul ɗin hoto daga bayanta, ka bar mata wayar wuta kawai, ka kunna. Lafiyayyar monita za ta nuna tambarin kamfaninta, sannan ta rubuta No Signal ko Check Signal Cable, daga baya 'yar fitilar da ke ƙasanta ta koma ruwan goro ko ta riƙa ƙiftawa. Danna maɓallin Menu. In ka ga rubutu ya fito sarai, babu zane babu dishi-dishi, to allonta da haskenta lafiya suke, ka wuce gaba.

In 'yar fitilar ba ta kama ba ko kaɗan, matsalar wuta ce. Sauya soket, ka bar ekstenshan ka soka kai tsaye a bango. Wayar wutar yawancin monitoci iri ɗaya ce da ta akwatin kwamfuta, mai baki uku, saboda haka ka musanya su ka gani. Filogi mai ƙafa uku yana da fis a cikinsa, kuma yakan ƙone. Monitocin da ke amfani da adafta irin ta laftof kuwa, adaftar ce ta fi saurin mutuwa. In za ka ara wata, ka karanta abin da aka rubuta a bayan monitar, kamar 12V ko 19V, ka samo daidai da shi. Shigar baki ba ita ce dacewa ba.

Akwai wani hali da ke ruɗa mutane: fitila ta nuna monita na aiki, amma allo baƙi ƙirin, ko hoto ya fito daƙiƙa biyu ya ɗauke. Rufe taga, ka haska tocila a jikin allon ta gefe, ka matso da ido. In ka hango inuwar rubutu ko ta gumakan Windows can ciki, hoto yana isowa, fitilar da ke bayan allon ce ta mutu. Kati bai yi komai ba. Haka in monita sai ta daɗe tana ƙifta ido kafin ta kama, kuma kullum jinkirin ƙaruwa yake, galibi kafasitocin da ke bod ɗin wutarta, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, su ne suka kumbura, zafi ya gama da su. Mai gyaran talabijin zai sauya su da kuɗi kaɗan. Amma kada ka buɗe ta da kanka in ba sana'arka ba ce, domin babban kafasitan da ke ciki yana riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an zare filogi.

Abu na ƙarshe a nan, maɓallin Source ko Input. Monita mai baki biyu ko uku tana iya tsayawa tana jiran VGA alhali ta HDMI ka haɗa. Ba kowace ke nemowa da kanta ba. Danna ka zaɓa mata.

Kebul, da ramin da ka soka shi

Juya bayan akwatin ka duba da kyau. Ramukan da ke sama, a jere tare da na USB da na intanet, na madabod ne, wato babban allon da komai na cikin akwati ke haɗe da shi. Waɗanda ke ƙasa a kwance, a jikin wani ƙarfe daban, su ne na katin hoto. Muddin akwai kati a ciki, can ƙasa ake sokawa, domin yawancin madabod suna rufe nasu ramukan da zarar sun ji an sa kati. Wannan shi ne abin da ya sami baƙona na Argungu.

Kebul ɗin hoto iri huɗu za ka fi haɗuwa da su. VGA shi ne mai shuɗin kai da allurai 15 da noti biyu, shi ya cika shagunan buga takardu da makarantunmu. DVI fari ne, ya fi shi faɗi. HDMI irin na dikoda ne. DisplayPort yana kama da HDMI amma kusurwa ɗaya ce kawai a yanke, kuma sau da yawa yana da ɗan makulli da sai ka danna kafin ka ja. Na ga ramukan da aka ɓalle saboda an ja da ƙarfi ba a danna ba.

VGA yana da wata alama mai daɗin ganewa. Launuka uku yake ɗauka, kowanne da allurarsa: ta 1 ja, ta 2 kore, ta 3 shuɗi. In allo ya rine ya koma rawaya, shuɗi ne ya yanke. In ya koma shunayya ko ruwan hoda, kore ne ya yanke. In ya koma shuɗi mai haske kamar ruwan bula, ja ne babu. Zare kan kebul ɗin ka leƙa ciki da tocila, sau da yawa za ka ga allura ɗaya ta lanƙwashe ta kwanta. Miƙar da ita a hankali da bakin biron da ya ƙare. In launin yana gyaruwa yana ɓaci idan ka motsa kebul, a ciki ya karye, ka yar da shi. Kuma ka ɗaure notin nan biyu, ba don ado aka yi su ba.

Sai batun adaftar haɗa kebul, wanda ke cinye kuɗin mutane a banza. Kwamfutocin Beljiyam na ofis, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, da yawansu DisplayPort gare su, monitocinmu kuwa VGA. Dole sai an sa mahaɗi a tsakani, kuma mahaɗan nan hanya ɗaya suke bi. Wanda aka yi don ya karɓa daga HDMI ya ba VGA ba zai yi aiki a juye ba. Haka na DisplayPort zuwa HDMI. In za ka saya, ka faɗa wa mai shago ramin da ke jikin kwamfuta tukuna, sannan wanda ke jikin monita, ko ka ɗauki hotonsu a waya ka nuna masa.

In ka sauya kebul babu labari, ɗauki akwatin ka haɗa da wata monita ko talabijin. Sannan ka haɗa taka monitar da wata kwamfuta. Wannan gwaji biyu shi ke raba gardama. Daga nan ka san ko cutar tana waje ko tana cikin akwati.

Kwamfutar ta tashi kuwa, ko fanka ce kawai ke juyi?

Juyawar fanka ba shaida ba ce. Kunna, ka jira minti biyu, ka danna Caps Lock ko Num Lock. In 'yar fitilar kibod tana kamawa tana mutuwa daidai da dannawarka, kwamfutar ta tashi, hoto ne kawai bai fita ba. In ba ta motsa ba, tun farko ta maƙale, kuma a nan RAM nake fara zargi kafin kati.

Saurari ƙarar da take yi. A madabod da yawa, doguwar ƙara ɗaya da gajeru biyu ko uku na nufin ɓangaren hoto. A tsofaffin HP na ofis, ƙara biyar tare da jar fitila RAM ne, shida kuma hoto. Kowane kamfani da nasa lissafi, saboda haka ka ƙirga, ka rubuta, ka nemi ma'anarsa da sunan samfurin kwamfutarka. Sababbin madabod na ASUS da MSI da Gigabyte suna da 'yan fitilu huɗu da aka rubuta wa CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne, can matsalar take.

Buɗe akwati

Kashe, zare filogi daga bango, sannan ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20 don sauran wutar da ke ciki ta zube. Wani lokaci wannan kaɗai kan tayar da kwamfutar da ta maƙale bayan an ɗauke wuta ba zato. Kafin ka sa hannu ciki, taɓa ƙarfen akwatin. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har riga ke tartsatsi in ka cire ta, jikinka yana tara wutar da za ta iya kashe RAM ba tare da ka ji komai ba. Kada ka yi aikin a kan darduma ko katifa.

Fara da RAM. Buɗe 'yan kunnuwan da ke gefe, ka zaro shi, ka riƙe shi ta gefe, ka goge haƙoransa masu ruwan zinariya da kilina a hankali har su yi haske, ka kaɗe ɓurɓushin. Share ramin da burushi. Mayar da shi, ka danna kai biyun har ka ji ƙas. In guda biyu ne, gwada ɗaya shi kaɗai, sannan ɗayan, sannan ka sauya rami. Kwamfutar da ta sha hanya, an ɗauko ta daga Jega ko Yawuri a bayan mota, girgiza kaɗai ta isa ta ɗaga RAM ko kati daga mazauninsa.

Sai katin. Kunce notin da ya riƙe shi da bayan akwati. A ƙarshen ramin da yake zaune akwai ɗan makulli na roba, danna shi kafin ka ja. Goge haƙoransa kamar yadda ka yi wa RAM, ka mayar ka tabbata ya zauna daidai, ba kai ɗaya sama ɗaya ƙasa ba.

Yanzu duba cin wutarsa. Ramin da kati ke zama, wanda ake kira PCIe, wat 75 kawai yake bayarwa. Katin da ya fi haka ci yana da nasa bakin wuta a gefe ko a sama: mai rami 6 yana ƙara wat 75, mai rami 8 yana ƙara 150. In an manta da wannan waya, ko ba ta shiga har makullinta ya kama ba, fanka na iya juyawa amma hoto ba zai zo ba. Ka kula, akwai wata waya mai rami 8 ta furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ke kama da ita. Ta kati an rubuta mata PCIe ko VGA kuma takan rabu 6 da 2, ta furosesa an rubuta CPU kuma takan rabu 4 da 4. In ta ƙi shiga da sauƙi, kada ka tilasta.

A nan ne masu ƙananan kwamfutocin ofis ke shiga matsala. Fawa-fak ɗinsu ƙarami ne, da yawa wat ɗari biyu da 'yan kai, kuma ba shi da wayar kati sam. An yi su ne don rubutu da lissafi. In ka ɗora musu babban kati za su kama, amma da ka buɗe aiki mai nauyi sai allo ya ɗauke ko kwamfutar ta sake tashi. Irinsu ƙananan katuna suke so, kamar GT 1030 da ke cin wat 30.

Gwajin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne ka cire katin gaba ɗaya, ka soka kebul a ramin madabod, ka kunna. In hoto ya zo, sauran kwamfutar lafiya take, zargi ya koma kan kati ko wutar da ke ciyar da shi. Sai dai ka san wani abu: ba kowane furosesa ke iya ba da hoto da kansa ba. Na Intel masu harafin F a ƙarshe, kamar i5-12400F, ba su da shi. Haka Ryzen 5 3600 da 5600, amma 5600G yana da shi. In irin waɗannan ne, ramin madabod ba zai taɓa nuna komai ba, sai ka ari wani kati. Kuma ka kai naka katin wata kwamfuta mai isasshiyar wuta. Sai ya ƙi aiki a can ma sannan za ka ce ya mutu.

Kafin ka rufe, duba ɗan batirin nan mai kama da kwabo a jikin madabod, CR2032, mai bolt 3. Cire shi minti biyar ka mayar, saitin BIOS, wato manhajar da ke tayar da madabod kafin Windows, zai koma yadda ya fito daga kamfani. In kwamfutar ta saba mantuwa da kwanan wata, sayi sabo wurin masu gyaran agogo.

Tambari yana fitowa, Windows na shigowa sai duhu

Wannan labari ne mai daɗi, domin yawanci ba ƙarfe ne ya lalace ba. Fara da danna maɓallai huɗu tare: Windows, Ctrl, Shift da B. Za ka ji 'yar ƙara, allo ya ƙifta, direban hoto ya sake tashi. In bai yi ba, danna Windows da P. Wanda ya haɗa kwamfutarsa da majigi a wurin taro ko aji yana iya barinta a kan Second screen only, ta ci gaba da tura hoto inda babu kowa. Danna Windows da P, ka danna kibiyar ƙasa, ka danna Enter, ka maimaita har hoto ya dawo.

In monita ta rubuta Out of Range ko Input Not Supported, an ba ta girman hoto ko saurin da ya fi ƙarfinta. Yakan faru in an ɗauko akwati daga babbar monita aka haɗa da ƙarama. Maganinsa da na lalataccen direba hanya ɗaya ce. Kunna kwamfutar, da ka ga tambarin Windows ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Yi haka sau biyu zuwa uku, za ta shiga shafin gyara da kanta. Bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart. Lamba 3 tana tayar da ita da ƙaramin hoto, lamba 4 kuma Safe Mode ce, inda Windows ke tashi ba tare da direban katin ba. In hoto ya zauna lafiya a Safe Mode, direba ne kusan tabbas.

Daga can buɗe Device Manager, ka duba Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, ba a sa wa katin direbansa ba. In matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, shiga Properties, Driver, ka danna Roll Back Driver. In abin ya cakuɗe, musamman in an cire katin kamfanin AMD an sa na kamfanin Nvidia ko akasin haka, akwai manhajar kyauta mai suna DDU da ke share tsohon direba ƙarƙaf. A Safe Mode ake gudanar da ita, kuma ka sauko da sabon direban ka ajiye tukuna. Daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel ko na kamfanin kwamfutar za ka sauko da shi. Na san direban yana cin data, kuma akwai filashin da ke yawo shago-shago cike da direbobi, amma na sha wanke kwamfutocin da ta nan cutar bairos ta shige su.

In allo yana ɗaukewa 'yan daƙiƙu ya dawo, ko shuɗin allo ya fito da VIDEO_TDR_FAILURE, ma'anarsa kati ya yi shiru fiye da daƙiƙa biyu, Windows ta yi ƙoƙarin tayar da shi. Sunan fayil ɗin da ke ƙasa zai gaya maka na wane ne: nvlddmkm na Nvidia, atikmpag ko amdkmdag na AMD, igdkmd64 na Intel. In sabon direba bai magance ba, ko Device Manager ya ci gaba da nuna Code 43, koma kan zafi da wuta.

Hoto yana nan, amma da aibi

Zane-zane, ɗige-ɗige masu launi, murabba'ai da ke tsalle: ga yadda za ka san na wane ne. Danna Print Screen, ka ajiye hoton, ka tura wayar hannunka ka buɗe. In aibin ya biyo hoton, daga kati ko direba yake. In hoton ya fito tsaf a waya, monita ce ko kebul. Layi ɗaya siriri a tsaye wanda ba ya motsi, kuma yana nan ko ka zare kebul ka buɗe Menu, allon monitar ne, gyaransa bai cika biyan kuɗinsa ba. Ɗige-ɗigen da ke bayyana tun daga tambarin farko, kafin Windows ta shigo, su ne mummunar alama ga kati, domin a lokacin direba bai fara aiki ba.

Rubutu ya yi dishi-dishi ko fuskoki sun yi faɗi? Kowace monita tana da girman da aka ƙera ta da shi. Mai inci 18.5 yawanci 1366×768 ce, mai inci 19 mai faɗi 1440×900, tsohuwa mai kusurwa huɗu 1280×1024, mai inci 22 zuwa 24 galibi 1920×1080. A Display settings zaɓi wanda aka rubuta wa Recommended. In VGA kake amfani da shi, danna maɓallin Auto a jikin monita ta daidaita kanta. Ɗaliban Poli da ke zuwa buga furojet sukan ce idonsu na ciwo, sau da yawa wannan ne kawai. A talabijin kuwa, in gefen hoto ya yanke, nemi Just Scan a LG ko Screen Fit a Samsung.

In hoto yana rawa kamar ruwa ana kaɗa shi, lura da lokacin da yake yi. In sai an tayar da janareta ne, ko injin hoton takardu ya fara aiki, hayaniyar wuta ce ke shiga VGA. Raba kebul ɗin da wayoyin wuta, nemi mai kauri mai ƙullutu biyu a kusa da kawunansa, ko ka koma HDMI in akwai. In kuma akwatin yana ɗan jan hannu idan ka taɓa, wayarin shagon ba shi da waya ta ƙasa mai kyau, ka kira mai gyaran wuta.

Zafi da ƙura, abokan zamanmu

Kwamfutar da ke aiki lafiya da safe, azahar na yi ta fara ɗauke hoto, ba sai an yi dogon bincike ba. A watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, shago mai rufin kwano kuma ya fi waje. Ga ƙurar hunturu da ta riga ta shige ciki tun Disamba ta daskare tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya kati, ta zama kamar auduga. Na taɓa zaro irin wannan daga wani kati, ta fito a dunƙule da siffar wurin da ta zauna, ja-ja kalar ƙasarmu. Fankar tana juyi iya ƙarfinta, iskar ba ta da hanyar wucewa.

Buɗe Task Manager, Performance, GPU, za ka ga zafin katin in direbansa ba tsoho ba ne, ko ka sa manhajar GPU-Z. In yana zaune ba ya komai amma ya kai 70, ko da aiki yana haura 90, da matsala. Kada ka tsorata in fankar sabon kati ba ta juyi lokacin hutu, da yawa an yi su ne su tsaya sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60. Abin tsoro shi ne ya yi zafi ta ƙi tashi.

Fitar da akwatin waje, ka hure shi da injin hura iska, amma ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Ni ina yi sau biyu a shekara, ƙarshen hunturu kafin bazara ta kama, da kuma bayan damina. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ka janye shi daga bango kamar taki ɗaya, kuma zanen da kake rufe shi da shi da dare ka cire kafin ka kunna. Katin da ya shekara uku ko huɗu, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya ya bushe, a goge a sa sabo ɗan kaɗan.

Wuta ma tana da nata kaso. In ta yi ƙasa, ko lokacin da ake juyawa daga layi zuwa janareta, monita kan ɗauke ta dawo. Sitabilaiza da UPS sun fi kati araha. Kuma duk akwatin da ya zo daga Amurka, duba bayan fawa-fak ɗinsa kafin ka soka. Tsofaffi suna da wani ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Tamu wutar 230 ce. A farkon shigata sana'ar na rasa fawa-fak ɗin wata kwamfuta da aka kawo mini sabuwar saukewa saboda ban duba ba, ƙara ɗaya ta yi sai hayaƙi, kuma daga aljihuna na biya.

In ya tabbata katin ne

Za a ce maka a gasa shi da injin zafi zai dawo. Gaskiya yakan dawo, na sati biyu ko wata biyu, sannan ya koma, wani lokaci tare da ƙona abin da ke kusa. In kana so ka kwashe aikin da ke hannunka ne kawai, to. Amma kada ka biya kuɗin gyara mai yawa a kai, kuma kada ka sayar wa wani bayan an gasa ba ka faɗa masa ba. In aikinka rubutu ne da cike fom na JAMB da buga takardu, kuma furosesanka yana ba da hoto, cire katin kawai ka ci gaba da ramin madabod, ba abin da za ka rasa.

Mai aikin bidiyo ko zane da dole sai da kati, ya auna abu uku kafin ya saya: tsayin akwatinsa, domin siraran akwatuna gajeren kati suke ɗauka, da ƙarfin fawa-fak ɗinsa, da ramukan da monitarsa ke da su. Ya kuma yi hattara da jabu. Akwai tsofaffin katuna irin GTS 450 da ake sauya wa suna su riƙa nuna GTX 1050 Ti. Alamar farko ita ce shuɗin ramin VGA a jikin katin da ake cewa sabo ne, domin Nvidia ta daina ba da irin wannan hoton tun daga jerin GTX 10. GPU-Z takan rubuta FAKE a gaban sunan irinsu.

In na hannu ne, ko a nan ka samu ko an aiko maka daga Kano ko Sakkwato, ka yi sharaɗin gwaji kafin ciniki ya faɗa. A sa shi a kwamfuta a gabanka, a sa direbansa na asali, a buɗe aiki mai nauyi ya yi rabin awa kana kallon zafinsa. Gwada kowane rami da ke bayansa ɗaya bayan ɗaya, ka kara kunne ka ji ko fankar tana gurnani, sannan ka juya bayansa ka shinshina, ka duba ko akwai wurin da ya yi duhu kamar an gasa.